Magani ba tare da ciwo ba: matsalar fassara bayanin maganin kolesterol zuwa Hausa

1. Gabatarwa

Aikin samar da kalmomin kimiyya a cikin harsunanmu na ƙasa ya fi karkata ga sunaye. A ɗauko kalmar Faransanci, a nemo mata takwara a Hausa ko a hausantar da ita, a jera su biyu-biyu cikin ƙamus, shi ke nan an gama. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna, ta hanyar misali guda ɗaya, cewa a fannin kiwon lafiya suna shi ne ƙaramin aiki. Misalin da muka ɗauka shi ne na maganin da ake rubuta wa mutum domin a rage masa kolesterol a cikin jini. Mun zaɓe shi ne saboda ana ba da shi ga wanda babu inda ke masa ciwo, in ya sha ba ya jin wani canji a jikinsa, kuma ba a sa masa ranar dainawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku yana karo da abin da kalmar «magani» ke ɗauke da shi a kunnen Bahaushe. Tafinta na iya fassara kowace kalma daidai, amma mutum ya fita daga gidan likita da saƙon da ba shi aka ba shi ba: ya sha kwali ɗaya ya aje, yana ganin ya gama, alhali abin da ake gudun masa, wato bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, yana nan inda yake.

Jimlolin da za a gani a matsayin misalai mu muka gina su, bisa Hausar yau da kullum ta Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Abin da muka kawo na likitanci kuwa gwargwadon abin da mai fassara ke buƙata ne kafin ya buɗe baki.

2. Abin da ake fassarawa

Kalmar «cholestérol» an gina ta ne da tushe biyu na Girkanci, ɗaya na nufin ruwan maɗaciya, ɗaya na nufin daskararren abu. A farkon ƙarni na 19 ne masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul ya raɗa masa suna «cholestérine», saboda daga tsakuwar maɗaciya aka fitar da shi. Sunan ke nan bai ambaci kitse ba, bai ambaci jini ba; Bafaranshe ma da ke furta shi bai san abin da ke cikinsa ba sai an gaya masa.

Shi wannan sinadari jiki ba ya rayuwa sai da shi, don da shi ake gina fatar ƙwayoyin halitta da ruwan maɗaciya da wasu sinadaran da ke tafiyar da jiki. Mafi yawansa jiki da kansa ke haɗa shi, musamman hanta. Abinci ƙaramin kaso yake kawowa. Da yake ba ya narkewa cikin ruwa, ba ya yawo a jini shi kaɗai, sai cikin wasu ƴan ƙunshi, waɗanda takardar awon jini ke nunawa da haruffan LDL da HDL. In LDL ya yi yawa, yana shiga cikin bangon hanyoyin jini ya taru a hankali, shekara da shekaru, ba tare da wata alama ba. Ranar da wurin ya tsage, jini ya yi guda ya toshe hanya: in ta zuciya ce, zuciya ta buga, in ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye.

Tun 1913 Nikolai Anitschkow, a Rasha, ya nuna haka a jikin zomaye da ya ciyar da kolesterol. Maganin kuwa ya jima bai samu ba. A 1973 Akira Endo, a Japan, ya fitar da na farko daga wani irin fumfuna, kuma a 1987 Amurka ta yarda a sayar da lovastatine. Wannan dangin magunguna shi ake kira sitatin. Sunayen da aka fi gani a jikin kwali su ne simvastatine, atorvastatine da rosuvastatine. Aikinsu a hanta yake: suna rage mata haɗa kolesterol, ita kuma sai ta koma tana janyo LDL daga cikin jini don ta cike giɓi, ta hanyar ƙofofin da Brown da Goldstein suka gano, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Binciken 4S na ƙasashen arewacin Turai, wanda ya fito a 1994, ya bi mutum 4444 masu ciwon zuciya har sama da shekara biyar, ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 30 cikin 100 a rukunin da ya sha simvastatine. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa simvastatine cikin jerin muhimman magunguna.

Abu biyu ne mai fassara zai riƙe daga nan. Na farko, amfanin da aka auna amfanin shekaru ne, ba na mako ko wata ba. Na biyu, maganin bai canza halin hanta ba, danne ta kawai yake yi. In an daina, cikin ƴan makonni awon jini ya koma inda ya fito.

3. Suna: kitse, mai, maiƙo

Fassarar da ta fi zuwa baki ita ce «kitse cikin jini». Tana da sauƙin kamawa, amma tana da tsada. Kitse a Hausa abu ne da ake gani da ido, a jikin rago ko a jikin mutum, kuma ɗan'uwan ƙiba ne. Saboda haka mai sauraro zai yi lissafi biyu nan take. Siriri zai ce shi ba shi da kitse balle ya shiga jininsa, alhali akwai nau'in da ake gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300, kuma bai damu da ƙiba ko rama ba. Mai jiki kuwa, a inda ake kallon ƙiba alamar hutu da wadata, zai ji kamar an zagi ni'imar da Allah ya yi masa.

«Mai» ya fi faɗi, amma yana jawo wani ruɗani. Babu kolesterol a cikin man da ya fito daga tsiro, ko man gyaɗa ne ko manja, shi ya sa rubutun «sans cholestérol» a jikin galan ɗin mai gaskiya ne wanda bai gaya wa mai saye komai ba. Abin da ya bambanta su shi ne irin maiƙon da ke sa LDL ya hau: kusan rabin manja irinsa ne, a man shanu ya haura rabi, a man gyaɗa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. In aka ce wa mace «ki rage mai», tana iya barin man gyaɗa ta riƙe man shanu, don a wurinta man shanu abin marmari ne, ba man girki ba.

Mu dai a ganinmu aro ya fi: a ce kolesterol, a bi shi da bayani sau ɗaya, «wani maiƙo ne da hanta ke yi». Kalmar aro ba ta zo da kayanta ba, sai abin da aka zuba mata. An ga haka da «tansiyo», wadda ta zauna daram a bakin mutane tare da «hawan jini». Ambaton hanta kuma yana da amfani, don yana amsa tambayar da kowa ke yi: in na bar cin kitse, me ya sa zan sha magani?

A gefe guda, «jijiya» ma tarko ce. Inda Faransanci ke da artère, veine, nerf da tendon, Hausa na da jijiya ɗaya. Wanda aka ce wa jijiyoyinsa na toshewa zai iya nufar mai tausa. «Hanyoyin jini» ya fi tsabta. Haka «ciwon zuciya», wanda a maganar yau da kullum ya haɗa da baƙin ciki da takaici.

4. Magani da aikatau

Nan ne matsalar take. In muka dubi kalmomin da ke tafiya tare da «magani» a ma'anarsa ta gidan likita, za mu ga labari ne mai farko da ƙarshe: ciwo ya kama mutum, a ba shi magani, ya sha, ya samu sauƙi, ya warke, ya aje. Kowane mataki yana jiran na gaba da shi. Dubi waɗannan:

(1) a. Na sha magani.
b. Na shanye magani.
c. Ina shan magani.

Jimla (1a) tana cikin shuɗaɗɗen lokaci, abin da nahawun Faransanci ke kira accompli. A (1b) aikatau ya koma aji na 4 a rabon da Parsons ya yi a 1960, ajin da ke nuna an cinye aiki kakaf. Shekaru da dama ma'aikatan lafiya suna koya wa jama'a (1b), kuma da gaskiyarsu: maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta dole a shanye su ko an ji sauƙi. Jama'a sun koya. Sai dai wanda ya ɗauki wannan darasi ya ɗora a kan sitatin, ranar da kwali ya ƙare zai ce «na shanye», da jin daɗin wanda ya bi umarni. A wannan magani (1c) kaɗai ce jimlar da ake so ta zama gaskiya, bana da baɗi.

Ita takardar magani, wadda ake ce wa ordinanse, sau da yawa ba ta da aikatau ko ɗaya: «un comprimé le soir». Tafinta ne zai zaɓi aikatau, kuma zaɓinsa ba ƙaramin abu ba ne:

(2) a. Ka sha ɗaya da dare.
b. Ka riƙa shan ɗaya kullum da dare.

Sigar umarni ta (2a) ba ta ce komai game da maimaici ba. Wanda ya sha yau da dare ya cika ta. A (2b) «riƙa», ko «dinga», shi ke ɗauke da maimaici, «kullum» kuma na da ma'ana biyu masu amfani a nan, kowace rana da kuma ko da yaushe. Ko (2b) ɗin ma ba ta rufe ƙofa ba, don an saba jin ta da iyaka a ɓoye, wato har ka warke. In lokotoro ya ƙara da «pendant trois mois», shi yana nufin adadin da za a saya kafin a dawo a sake awo. In tafinta ya ce «wata uku» ya yi shiru, iyakar ta samu. Kalmar «à renouveler» ita ce zuciyar takardar, kuma ita ce aka fi tsallakewa, don a ƙasa take, da ƙananan haruffa.

Bayan wata uku an sake awo, lamba ta sauka. Lokotoro ya ce «c'est bon». Ga abin da zai iya fitowa:

(3) a. Jininka ya yi kyau.
b. An samu sauƙi.
c. Maganin yana aiki.

(3a) da (3b) shuɗaɗɗu ne, kuma a labarin da muka zayyana a sama matakin da ke bin su shi ne ajewa. (3c) kaɗai ke danganta kyan jinin da ci gaban sha. Wannan lokaci na albishir, a ra'ayinmu, ya fi ranar farko hatsari.

Sai batun «traitement à vie». Fassararsa kai tsaye ita ce «har ƙarshen ranka» ko «har ka mutu». A gidajen likitanmu tafinta galibi ɗa ne ko ƙane ko suruki na wanda aka kawo. Ɗa ba ya kallon mahaifinsa ya ambaci mutuwarsa, balle a gaban baƙo. Zai sassauta ya ce «za a ɗan jima ana sha», ko ya haɗiye jimlar gaba ɗaya, lokotoron da ba ya jin Hausa kuwa ba zai san an haɗiye ba. Ba laifin tafinta ba ne. Jimlar ce ba ta faɗuwa a wannan baki zuwa wancan kunne. Abin da ke faɗuwa shi ne «ba a aje shi sai lokotoro ya ce», wanda kuma ya fi kusa da gaskiyar aiki, tunda akwai halin da ake dakatar da shi. Mu ƙara da cewa «shan ƙwaya» ya riga ya ɓaci a bakin mutane. Dattijo ba zai so a ce kullum yana shan ƙwaya ba, gara a tsaya a kan «magani».

To, shin Hausa ba ta da gurbin maganin da ba ya warkarwa? Tana da shi, kuma tsoho ne. Dubi ginin «X maganin Y»:

(4) a. Bargo maganin sanyi.
b. Katanga maganin ɓarawo.
c. Haƙuri maganin zaman duniya.

Ba wanda ke jiran bargo ya warkar da ɗari. Yana aiki muddin yana jiki, in an yaye sanyi ya dawo, kuma ba a cewa bargon bai yi ba. Wannan ma'ana ta biyu, ta tsari, ita ce daidai da sitatin. Abin da ya hana mai sauraro ya kai gare ta shi ne aikatau: maganin tsari rufa shi ake yi, ko a gina, ko a ɗaura, ko a riƙe, amma da zarar an ce «sha» a gidan likita, ma'ana ta farko ta rinjaya. Akwai dai maganin tsari da ake sha a gargajiyance, kamar na ƴan tauri, sai dai shi ana ɗaukar sa a matsayin abin da in ya shiga jiki ya zauna, wanda shi ma ba hoton da muke nema ba ne. Haka «rigakafi»: a yau allura yake kawowa a zuciya, a yi sau ɗaya ko sau uku a ba ka kati. Karin maganar da ke cewa rigakafi ya fi magani ta ma raba su gida biyu, alhali abin da ke hannunmu rigakafi ne da ake sha kamar magani.

Kwatancin da muka ga ya fi dacewa shi ne gidan sauro. Mai lafiya ke shigarsa, kowane dare ake shiga, daren da aka bari sauro bai san an shiga jiya ba, kuma kowa ya san yana rage zazzaɓi ne, bai kawar da shi daga duniya ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Nazarin da ya tattara manyan gwaje-gwaje a 2010 ya nuna duk saukar LDL da milimol 1 a lita tana rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ragi ne, ba katanga ba. In an yi wa mutum alkawarin «ba za ka kamu ba», ranar da maƙwabcinsa mai shan maganin ya faɗi, unguwa duka ta aje.

Don haka ma ya kamata a guji «wanke jini» da «narkar da kitse». Harshen masu tallar magani a tasha da kasuwa ne, kuma duka biyun aiki ne da ake yi a gama, kamar wankin ciki.

5. Lambobi da gargaɗi

Ɗakunan awo na ƙasashe masu amfani da Faransanci sun saba rubuta kolesterol da giram a lita, wasu ƙasashe kuwa da milimol a lita ko miligiram a desilita. Giram 2 daidai yake da miligiram 200, kuma daidai da milimol 5,2 ko kusa. Mutumin Maraɗi da ya yi awo a gida aka rubuta masa 2, ya je Katsina ko Kano aka rubuta masa 5 da ɗoriya, zai ɗauka ciwo ya ninka, alhali jini ɗaya ne, mudu ne ya bambanta. Mai fassara kada ya faɗi lamba ba tare da mudunta ba. In an ce a zo awo «à jeun» kuma, ba azumi ake nufi ba. «Kafin ka karya kumallo, amma kana iya shan ruwa» ya wadatar.

Azumin kansa bai hana wannan magani ba, tunda sau ɗaya ake sha a yini. Simvastatine da dare ake so a sha shi, saboda ba ya daɗewa a jiki kuma da dare hanta ta fi haɗa kolesterol. Atorvastatine da rosuvastatine suna daɗewa, kowane lokaci ya yi, in dai an tsayar da shi.

Gargaɗin da aka fi bayarwa na ciwon tsoka ne. A nan ma akwai aikin harshe, don «ciwon jiki» kusan kowane baligi da ke aikin ƙarfi yana da shi, in aka faɗe shi haka kowa zai same shi a jikinsa. Gwajin SAMSON da aka yi a Ingila, wanda ya fito a 2020, ya ɗauki mutum 60 da suka daina sitatin saboda illa, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na abin da suke ji suna jin sa ko da ƙwayar da suka sha babu magani a cikinta. Abin da ya kamata a ware a faɗa a sarari shi ne alamar da ba ta da yawa amma mai tsanani: tsoka ta yi ciwo ƙwarai, ƙarfi ya tafi, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Wannan a tsaya a koma gidan likita ranar. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun kafin a rubuta mata. Wanda ke shan wasu magunguna, musamman clarithromycine, érythromycine, kétoconazole ko wasu daga cikin magungunan sida, ya nuna kwalayensu, don suna sa simvastatine ya taru a jini.

6. Shawarar lafazi

Ga yadda muke ganin ɗa zai iya isar da saƙon ga mahaifinsa, da jam'in girmamawa inda aka saba da shi:

(5) Baba, lokotoro ya ce ba ku da ciwo yanzu. Akwai wani maiƙo da hanta ke yi, ana ce masa kolesterol, ya yi yawa a jininku, in an bar shi yana toshe hanyoyin jini a hankali. Wannan magani kamar gidan sauro yake: ku riƙa shan ɗaya kowane dare. Ba za ku ji wani canji ba, awon jini ne ke nuna aikinsa. In kwali ya kusa ƙarewa mu sayi wani. Ba a aje shi sai lokotoro ya ce.

Babu kitse a ciki, babu warkewa, babu mutuwa, kuma babu aikatau na aji na 4 da ke nuna an gama sha. Jimlar «ba za ku ji wani canji ba» dole ta fito tun ranar farko, in ba haka ba rashin jin komai zai zama hujjar cewa maganin jabu ne ko bai karɓe shi ba.

Ranar dawowa ma tambaya tana da siga. «Kuna shan maganin?» amsarta «ina sha», don sigar ci gaba ba ta ƙidaya darare, kuma ladabi ya hana a ce wa lokotoro a'a, wanda ya sha sau huɗu a wata bai yi ƙarya ba. Haka «yaya jiki?» amsarta «da sauƙi» ko mutum na kwance. Tambayar da ke kawo labari ita ce mai shuɗaɗɗen lokaci da adadi: «Jiya da dare kun sha? Yaushe aka sayi wannan kwali? Guda nawa suka rage a ciki?»